Ba A Sulale Wa Yaro

Kwana huɗu ke nan da aka cire Shalele daga gidan renon yara, amma har yau Auta ta kasa sauke jakar yarinyar daga ƙusar da take rataye. Kullum da safe sai ta jera kofuna goma sha biyu a kan tire, sai ta zo zuba ruwa ta tuna yaran sun koma goma sha ɗaya. Ta ɗauke koren kofin ta mayar cikin kwando, ta juya wa abokiyar aikinta baya don kada ta ga idonta.

Shekara shida tana wannan aiki. Ta goge majina, ta wanke kashi, an cije ta, an yi mata amai a sabon mayafi, duk ba ta taɓa komawa gida da ɗan wani a zuciya ba. Ita ce ma mai yi wa sababbin ma'aikata faɗa, wai a so yaro amma a tuna yana da masu shi. To ga ta nan yau, mai faɗan ce ta faɗa ramin da ƙafa biyu.

Duk abin ya faro ne daga dokarta guda ɗaya.

Ranar da aka fara kawo Shalele, tana da shekara ɗaya da rabi, ubanta ne ya kawo ta. Mai gyaran wutar lantarki ne, dogo, da jakar kayan aiki a kafaɗa ɗaya da jakar yarinya a ɗaya kafaɗar. Matarsa ta rasu wata uku kafin nan. Ya ajiye 'yar a kan tabarma, ya miƙa mata 'yar tsana, ya fara ja da baya a hankali kamar ɓarawon da ya ji motsin mai gida.

Auta ta tare ƙofa.

"Malam, a nan ba a sulale wa yaro."

"Ai in ta gan ni zan tafi kuka za ta yi."

"Ta yi. Kukan minti biyar ne. Amma in ta waiga ta ga babu kai, gobe ko bayan gida ka shiga sai ta bi ka, don ta daina yarda da kai. Durƙusa daidai tsawonta. Ka faɗa mata inda za ka, ka faɗa mata lokacin da za ka dawo. Ka sumbaci tafin hannunta ka dunƙule mata, ka ce ta ajiye maka."

Ya yi yadda ta ce, kunya kamar ta kashe shi. Shalele ta yi kukanta ta gama. Bayan sati biyu da kanta take miƙa masa hannu, ta dunƙule, ta ce masa, "Baba, dawo." Shi kuwa daga tsayuwar minti biyu a bakin ƙofa ya koma ta minti ashirin, fankar ɗakin yara ta dinga lalacewa sau biyu a wata ba tare da kowa ya san abin da ke damunta ba. Shekara guda bayan haka ya ce yana son Auta da aure, ta ce ta amince.

Daga nan ne aka ɗaga musu hankali. Kaka, mahaifiyar marigayiya, ta rantse ba bare da za ta riƙe mata jika. In aure yake so, ga ƙanwar marigayiyar nan a gida. In kuwa ya dage sai mai renon nan, to ya kawo mata jikarta, ya je ya auri wadda ya ga dama. Mahaifiyarsa ta goyi bayan Kaka, kawunnansa suka goyi bayan mahaifiyarsa. A gefen Auta kuma yayarta ta sa ta gaba da maganar mai kantin maganin unguwarsu, saurayi, ba ɗa ba surukar farko, wanda ya shekara yana sintiri.

"Ke wai me kika gani a mutumin da ya zo da kayansa a ɗaure?" in ji Yaya a waya, ko daren jiya ma sai da ta maimaita. "Ga wanda zai fara komai da ke daga farko, kin tsaya kina kuka a kan 'yar wata."



Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, tana tsakiyar raba faɗan wasu 'yan biyu a kan motar roba, abokiyar aikinta ta leƙo ta ce ana sallama da ita a waje.

Uban Shalele ne. Rigar aikinsa a yamutse, maɓalli ɗaya a ramin da ba nasa ba, idanunsa sun yi ja.

"Baban Shalele, lafiya?"

"Ba ta cin abinci, Auta." Muryarsa ta karye tun a kalmar farko. "Yau kwana huɗu. Ruwa kawai da ɗan madara. Mun kai ta asibiti, likita ya ce ba zazzaɓi, ba komai a maƙogwaro, mu dai ci gaba da gwadawa. In an kawo cokali sai ta datse baki ta juya kai. Ƙanwar mamanta ta yi lallashi, Kaka ta yi tsawa, ni na yi wasan jirgin sama da cokali har hannuna ya gaji. Sunanki kawai take kira."

Auta ta dafa ƙarfen ƙofa.

"Me kake so in yi? An ce kada in sake kusantar ta."

"Kaka ce ta aiko ni."

Ta ɗago ta dube shi. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Ta ce ki zo ki ba ta abinci. Kuma ki nuna wa..." Ya haɗiye miyau. "Ki nuna wa ƙanwar mamanta yadda kike yi."

Ta yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo.

"Wato in zo in koya wa amaryarka yadda za ta zauna a wurina."

"Ban ce na yarda ba, Auta. Wallahi ban ce ba."

"Ka ce ba ka yarda ba?"

Hawaye ya gangaro masa, babban mutum, a bakin titi, masu wucewa na kallo.

"In na ce a'a za su ɗauke ta. In na ce e na rasa ki. Na yi magana da kawuna, na yi da limamin masallacinmu, kowa ya ce in yi haƙuri in bi manya. Ki gaya mini yadda zan yi, ke da kike da amsar komai."

Ta koma ciki ta nemi izini, ta ɗauko koren kofin da wani ɗan cokali mai lanƙwasasshen baki, ta saka a jaka.

Falon gidan uban Shalele ba shi da girma. Kujeru uku, talabijin a kashe, hoton marigayiya a bango tana murmushi. A kan teburi an jera kwanoni har biyar, shinkafa, taliya, ƙwai, dankali, duk sun huce an ɗan taɓa gefensu. Kaka na zaune a kujerar tsakiya da carbi a hannu, fuska ba annuri. A ƙasa kusa da ita ƙanwar marigayiya ce, budurwa siririya mai kama da hoton bangon, rigarta duk tabon abinci.

Auta ta durƙusa ta gaishe da Kaka. Aka amsa mata a taƙaice.

Sai ga wani ɗan motsi daga bayan labule.

"Anti!"

Shalele ta taho da gudu, ƙafafun na harɗewa, ta faɗa jikinta ta ƙanƙame wuyanta. Auta ta ji yadda yarinyar ta yi sauƙi a hannu, kumatun nan da ake ja da wasa sun zube. Ta danne kukan da ya taso mata, don ta san yaro na karanta fuskar babba kafin ya ji maganarsa.

"Shalelen Baba, ina kika shige? Kofinki yana ta nemanki."

Ta dubi teburin, ta dubi budurwar.

"Don Allah a kwashe kwanonin nan duka. A bar dankalin, a ɗumama shi, a kawo ayaba ɗaya."

Budurwar ta tashi da sauri ta yi yadda aka ce. Da ta dawo, Auta ta nuna mata gefenta a kan tabarma.

"Zauna nan, ba gabanta ba. In kin zauna gabanta da cokali, gani take yaƙi kika zo. Ki zuba kaɗan, cokali uku kawai, in ta ga kwano a cike tsoro take ji. Kada dankalin ya taɓa ayabar, in sun haɗu ta fasa ci. Ki ba ta cokalinta a hannu, ke ma ki riƙe naki. Kuma kada ki kalle ta."

"Kada in kalle ta?"

"Ki ci naki, ki yi hira da ni. Ki manta da ita."

Suka zauna suna ɗiban dankali a kwano ɗaya, mata biyu da ake neman ba wa ɗaya mijin da ɗaya ke so, suna hirar zafin gari da tsadar sabulu. Shalele na kan cinyar Auta tana juya cokali. Minti biyar ba ta yi komai ba. Kaka ta buɗe baki za ta yi magana, uban Shalele ya ɗaga mata hannu daga bakin ƙofa yana roƙo.

Can sai ɗan cokalin ya nutse cikin dankali. Rabi ya zube a riga, rabi ya shiga baki.

Budurwar ta zabura za ta yi tafi, Auta ta damƙe mata gwiwa.

"Kada ki yaba. In kin yaba ta gane abin ya dame ki, gobe da shi za ta riƙe ki."

Cokali uku suka ƙare, aka ƙara uku. Ta cinye rabin ayaba, ta sha ruwa a koren kofinta, ta yi gyatsa mai ƙarfi kamar wani ƙaton lebura. Ubanta ya juya ya fita tsakar gida, kafaɗunsa na rawa.

Daga nan Auta ta ci gaba da zuba bayani, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ci gaba ba. In Shalele na jan kunnenta na hagu, barci take ji, ba ciwo ba ne. Ba a yanke mata farce sai ta yi barci. In ta kwanta a ƙasa tana birgima, a zauna kusa da ita a yi shiru, kada a ɗauke ta, kada a tafi. Ba a tambayar ta ko za ta sa takalmi, sai dai a ce ja ko fari. Ta tsani a wanke mata kai tana kwance. In ta ce "bubu" bargo take nufi, in ta ce "bubu" tana nuna ciki, to a yi maza a kai ta fo.

Budurwar na rubutawa a wayarta. Can ta ajiye wayar ta fashe da kuka.

"Yaya, wallahi ni ban nema ba. Ina da wanda nake so, an ce in manta da shi. 'Yar yayata ce, ina son ta kamar raina, amma ko kallona ba ta son yi. Jiya na ɗauke ta ta cije ni. Ban san komai ba. Ta yaya zan zama uwar yarinyar da ke kukan wata?"

Auta ta zo gidan ne da shirin tsanar wannan budurwa, sai ga shi ta rasa inda za ta kama. Ta riƙo hannunta.

"Za ta saba. Yara na sabawa."

Ta faɗa ne kamar yadda take faɗa wa iyaye kullum, amma yau maganar ta soke ta.

Kaka ta miƙe ta ce Auta ta biyo ta. Suka shiga ɗakin girki, tsohuwar ta turo ƙofa. A nan, tsakanin tukwane da buhun shinkafa, fuskar nan mai tauri ta narke.

"'Yar nan, na ga abin da kika yi. Allah ya saka miki. Ba ƙin ki nake yi ba."

"To Mama, me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. 'Yata aka binne mini, tana da shekara ashirin da shida. Abin da ya rage mini a duniya daga gare ta shi ne yarinyar can. Kin san watan jiya na nuna mata hoton bango na ce wace ce wannan, ta ce ba ta sani ba? Na ce ina Mama, ta ɗauko wayar ubanta ta nuna mini ke." Ta share ido da bakin mayafi. "In kin shigo gidan nan, za ki riƙe ta da kyau, na sani. Da kyau ƙwarai, har ta manta akwai wadda ta mutu ta bar ta. Ni kuma in zama tsohuwar da ake kai mata ziyara sau biyu a shekara."

"Wallahi Mama ba zan bari ta manta ba. Kullum zan nuna mata hoton. Zan kawo miki ita duk sati, ki sa mini ranar da kike so. Ki ɗauke ni kamar 'yarki."

"Ina da 'ya. Ga ta can a falo."

Auta ta durƙusa a kan simintin, ta kama gefen zanin tsohuwar tana kuka, tana roƙo da duk kalmar da ta zo bakinta. Kaka ma kuka take, amma kai kawai take girgizawa. Babu mai mugunta a ɗakin nan, shi ya sa Auta ta rasa wanda za ta yi faɗa da shi.

"Abu ɗaya ya rage in roƙe ki," in ji Kaka. "Ga ƙofar baya nan. Yanzu hankalinta na kan wasa. Ki fita ta nan, kada ta gan ki. In ta gan ki za mu koma gidan jiya."

Auta ta dubi ƙofar. Taku uku ne. Da ta bi ta nan, da ba sai ta ga fuskar yarinyar ba, da ba sai ta ga ta ubanta ba. Har ta kai hannu kan sakata.

Ta sauke hannun.

"Mama, ki yi haƙuri. Komai kika ce na yi. Wannan kam ba zan iya ba. Ba a sulale wa yaro."

Ta wanke fuskarta a famfo, ta goge, ta koma falo.

Shalele na zaune tana cusa wa 'yar tsanarta ɓawon ayaba. Ubanta ya dawo yana tsaye jikin bango. Auta ta durƙusa daidai tsawon yarinyar, kamar yadda ta koya wa iyaye fiye da ɗari.

"Shalele, Anti za ta tafi."

Yarinyar ta ɗago. "Ina?"

"Wurin aiki. Ke za ki zauna da Baba da Kaka da Anti ƙarama."

Saura kashi na biyu, lokacin dawowa. Shi ne ƙashin bayan dokar, shi ne abin da ke sa yaro ya saki hannu. Auta ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ba ta taɓa yi wa yaro ƙarya ba, kuma gaskiyar ba ta da kalmomin da 'yar shekara biyu da rabi za ta gane. Kowa a falon ya yi tsit yana jiran ihun da zai biyo baya.

Shalele ba ta yi kuka ba. Ta ajiye 'yar tsanar, ta miƙo tafin hannunta mai danƙon ayaba. Auta ta sumbace shi. Yarinyar ta dunƙule da kanta, ta manna a ƙirji, ta yi murmushi har haƙoran nan ƙanana suka bayyana.

"Anti, dawo. Bayan barci."

Ta ƙarasa mata maganar da kanta, don a duk tsawon rayuwar da take iya tunawa, ba wanda ya taɓa yi mata wannan sallama bai dawo ba. Auta ce ta koya mata haka.

Auta ta miƙe. Ta bar koren kofin da cokalin a kan teburi. Ta wuce uban yarinyar a bakin ƙofa, ya kira sunanta a hankali, ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya a nan za ta zube.

Ta kai bakin ƙofar gida ke nan ta ji takun gudu a bayanta. Budurwar ce, da wayarta a hannu, numfashi sama-sama.

"Yaya, tsaya. Ba ki faɗa mini wannan ba. In ta tashi daga barci ta tambaye ki, me zan ce mata?"

Auta ta waiga. Ta ƙofar falon da aka bari a buɗe ta hango Shalele tana jan 'yar kujerarta ta roba da hannu ɗaya, tana nishi, har ta kawo ta daidai bakin ƙofa inda ake ganin hanya. Ta hau ta zauna, ta gyara riga, tana lilo da ƙafafu. Ɗaya hannun yana nan a dunƙule a ƙirjinta.

"Yaya, me zan ce mata?"

Daga can kan kujera yarinyar ta hango Auta, ta ɗaga mata dunƙulallen hannun tana dariya, don ta nuna mata ba ta yar ba.